Ranar da Aka Tuɓe wa Hedley Raine Hula

Hedley Raine mijin yayata Doreen ne, saboda haka ina da ikon in faɗi abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Na san shi tun yana da gashi a ka, tun lokacin da yake zuwa zance gidanmu da baƙin kwal a bayan kunnuwa, ya zauna ya shanye mana shayi yana yi wa mahaifinmu bayanin yadda masu kuɗi ke shan jinin talaka. Mahaifinmu, wanda ya shekara talatin a ramin kwal kafin a haifi Hedley, yakan gyaɗa kai kawai ya miƙa masa biskit.

A nan Harbeck aka haife shi, a gidan dutse na ƙarshe kafin a fara hawan tudu. Ya shiga ramin kwal yana ɗan saurayi, ya zama wakilin ƙungiyar ƙwadago, ya yi yajin aiki har suka sayar da gadon ɗakin baƙi. Da aka rufe ramin sai ya koma tuƙa bas, yana yi wa fasinjoji siyasa ko sun so ko ba su so ba. Bai taɓa tashi tsaye don taken ƙasa ba. Idan aka nuna bikin gidan sarauta a talabijin, sai ya ɗauki fartanya ya fita lambu ya yi ta sarar ƙasa har a gama. Amma duk wannan ƙiyayya ce ta nesa. Ta kusa, wadda yake kwana da ita ya tashi da ita, ta gidan Fenwold ce, iyayengijin garinmu masu babban gida a bakin kogi.

Da ya sha kofi biyu a mashayar Baƙin Rago, sai ya fara lissafa kakanninsa. Duk mun haddace. Akwai wanda yake noma a nan lokacin da kakan su Fenwold ya ƙetaro teku daga Faransa da takobi, sarki ya ba shi kwarin nan kyauta har da mutanen da ke ciki. Akwai wanda aka rataye don ya tumɓuke shinge, a zamanin da masu ƙasa suka gano cewa tumaki sun fi talakawa riba. Akwai wanda aka loda a jirgin ruwa zuwa Ostireliya saboda zomo ɗaya. Akwai wanda ya taka da ƙafa har birni neman a bai wa talaka ƙuri'a, ya dawo da fasasshen kai, ƙuri'ar kuwa sai jikansa ya gan ta. Na ƙarshe kakansa ne na kusa, wanda ya bi ɗan gidan Fenwold yaƙi. Ɗan ubangida ya dawo da lambar yabo a ƙirji, kakan Hedley kuwa sunansa ne ya dawo, a jikin dutsen tunawa da matattun yaƙi da ke gaban coci.

“To su waɗannan mazan duka, daga ƙasa suka tsiro?” Doreen takan tambaye shi. “Shekara ɗari tara babu mace ko ɗaya a danginku?”

“Maganar tarihi ake yi, Doreen.”

“Eh, na ga alama. Sha giyarka.”

Abin da dangin Raine suka tsira da shi daga duk wannan wahala abu ɗaya ne, Filin Gari. Tudu ne mai ciyawa da duwatsu da sarƙaƙiya a bayan gidaje, wanda iska ba ta barinsa ya huta. A takarda na ubangida ne, amma ba shi da ikon kewaye shi. Kowa na iya hawa. Can muke kai karnuka, can yara ke wasa, can muke tsinko baƙaƙen 'ya'yan sarƙaƙiya da kaka mu dafa da sukari mu shafa a burodi, kuma rabin mutanen garin nan can aka fara maganar aurensu. Sharaɗin da ke riƙe da filin tsoho ne. Duk kaka ubangida zai zauna a kan wata baƙar kujera a ɗakin sama na Baƙin Rago. Wani daga cikin masu tsofaffin gidaje, wanda yake da dabba a filin, zai zo gabansa ya tuɓe hula ya ce, “Ga ni, ranka ya daɗe, ni da dabbata.” Ubangida ya ce, “Na gan ka.” Shi ke nan, sai a sha shayi. Idan kaka uku suka wuce a jere ba a yi wannan zama ba, haƙƙin gari ya mutu, mai ƙasa ya kafa shingensa.

A da gidaje da yawa ke zuwa. Zuwa zamaninmu kowa ya sayar da tumakinsa ya sayi mota, saura Hedley. Yana riƙe da tunkiya guda, kullum guda, ba don nama ba kuma ba don gashi ba, sai don wannan rana. Ka ga abin da Allah ya jarabce shi da shi: mutumin da ya fi kowa ƙin ubangida a duk arewacin Ingila, shi kaɗai ya rage wanda dole ya tuɓe masa hula.

Ni nake raba shayi a zaman, don haka na sha kallo. Da yatsa biyu yake ɗaga hular, fuskar nan kamar wanda aka ɗura wa magani, ya faɗi kalmomin ta cikin haƙora, ya mayar da ita kafin ubangida ya rufe baki. Duk shekara kuma, ana saura mako, sai ya sanar a teburin abinci cewa bana zai jefa hular cikin murhu ya gaya wa tsohon nan gaskiya.

“Ka jefa mana,” Doreen za ta ce. “Sai ka gaya wa yaran gari inda za su yi ƙwallo. Miƙo gishiri.”

Doreen ta rasu cikin wani hunturu, bayan gajeriyar jinya. Har yau in na dafa shayi sai in ga na ɗauko kofi biyu. Ita kaɗai ce ke iya sauke Hedley da kalma uku, kuma da tana raye da abin da zan ba ku labari bai faru ba.

Ba a daɗe ba tsohon ubangida shi ma ya bi ta. Harajin gado ya zo, ga rufin babban gida yana yoyo ta ko'ina, ga magajin, Aubrey Fenwold, mutum ne mai kirki wanda bai taɓa iya komai ba sai sanin sunayen tsuntsaye. Ya sayar da gidan da gonakin da tudun ga wani kamfanin otal, ya tattara littattafansa ya koma tsohon gidan makiyayi a gefen gari, inda sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofa. Ranar da labarin ya fito Hedley ya saya wa kowa giya, abin da bai taɓa yi ba ko a ranar aurensa.

“Mun ga bayansu,” ya ce, idonsa har da ƙwalla. “Kakana na Ostireliya, yau ka yi barci.”

Kaka ta zo. Hedley ya wanke tunkiya, ya sa rigar coci, ya hau ɗakin sama. Ni na dafa ruwa. Muka jira har ruwan ya huce, kujera ba kowa. Kamfani bai aiko ko da ɗan aike ba. Washegari Hedley ya tafi babban gida, wanda yanzu aka sa masa fitilu har a cikin ciyawa, ya ce zai girgiza su. Wata yarinya mai murmushi ta zaunar da shi a kujera mai laushi, ta ba shi shayi, ta nuna masa hoton ƙananan gidajen katako da za a jera a kan tudun don masu zuwa hutu, kowane da bahon ruwan zafi a waje. Ta ce kamfani yana matuƙar mutunta al'adun gari. Ya tambaye ta wane ne mai kamfanin, ta ce babu wani mutum guda, masu hannun jari ne a ƙasashe daban-daban.

“Wa zan zaga, Beryl?” ya tambaye ni da ya dawo. “Su Fenwold ko ba komai suna da fuska.”

Kaka ta biyu ma haka ta wuce. Sai a lokacin gari ya farga cewa kamfanin ba mantuwa ya yi ba, jira yake. Masu awon ƙasa suka fara yawo a kan tudun da sanduna masu launi.

Aubrey ne ya kawo mafita, kuma shi ma da kyar, don ya tsaya a bakin ƙofar mashaya yana ta ba da haƙuri kafin ya shigo. Ya ce kamfani ya sayi ƙasa, amma bai sayi sarautar ubangidan garin ba. Lauyoyinsu sun ce ba ta da amfani, suna ne kawai da tsohuwar kujera. Shi kuwa masu binsa bashi sun sa ta a gwanjo a Landan, kuma ya ji wani Ba'amurke mai sayar da tayoyi yana sha'awarta don ya rubuta a ƙofar ofishinsa. Duk wanda ya riƙe sarautar, shi ke da ikon kiran zama.

Ban taɓa ganin Harbeck ta motsa irin wannan karon ba, kowa ya tashi haɗa kuɗin sayen sarautar. Mun toya kek har hannuwanmu suka yi ciwo. An sayar da tsofaffin riguna, an yi tseren agwagin roba a kogi, limamin coci ya yarda aka jefe shi da soso mai ruwa. Ba'amurken, Allah ya saka masa, ya sami wata sarautar mai sunan da ya fi daɗin faɗi. Muka saye tamu.

Sai matsala ta gaske ta taso. Sarauta ba ta zama a kan gari, sai a kan mutum ɗaya, kuma har ya mutu. Muka taru a zauren coci, kowa yana kallon takalminsa. Aka ce wa likita, ta ce ai ita baƙuwa ce, shekararta ashirin kacal a garin. Aka ce wa limami, ya ce ubangida ɗaya ya ishe shi yi wa aiki. Kowa yana tura wa na kusa da shi, don a garinmu ka nuna kana son muƙami ya fi a kama ka da sata muni. Daga nan Clive, mai Baƙin Rago, ya miƙe.

“Ni dai ga shawarata. Mu ba wanda ya fi kowa ƙin abin. Wanda ba zai taɓa ɗaukar kansa da muhimmanci ba.”

Duk wuyoyi suka juya wajen Hedley.

“Ku kiyaye ni,” ya ce. “Ni? Clive, da ba don tsufa ba da na fasa maka baki.”

“Suna ne kawai, Hedley. Minti biyar a shekara.”

“An rataye kakana saboda irin wannan sunan.”

“To ka bari a jera bahon wanka a inda aka rataye shi.”

Hedley ya murza hular a hannu, sannan ya ce zai karɓa, amma a rubuta a ajiye cewa bisa tilas ya karɓa. Muka tafa. Muka koma gida muna yaba wa kanmu wayo, wai mun sami mutum ɗaya a duniya da kujera ba za ta iya da shi ba.

Saura wanda zai tuɓe hula, tunda Hedley ba zai tuɓe wa kansa ba. Aka duba tsofaffin gidaje masu haƙƙin kiwo. Yawancinsu mutanen birni sun saye, sai ƙarshen mako suke zuwa, kuma ba su san gaban tunkiya da bayanta ba. Gida ɗaya ya rage mai mazauni na dindindin, gidan makiyayi. Aubrey Fenwold ya ce ai ba komai, da farin ciki, in dai za a ara masa dabba.

Ranar zaman, ɗakin sama ya cika har matakala. Kamfani ya aiko lauya, ya tsaya a lungu yana duba agogo. Hedley ya shigo da tsohuwar rigar aikinsa ta bas, da gangan, ya zauna a bakin kujerar kamar za ta cije shi. Aubrey ya baro tunkiyar a ɗaure a bakin tudu kamar yadda al'ada ta ce, ya hawo da ciyawa a wandonsa. Ya tsaya gaban Hedley, ya tuɓe hula da hannu ɗaya cikin sauƙi, har da ɗan rusunawa, irin na wanda aka koya wa tun yana yaro ko da bai taɓa buƙata ba.

“Ga ni, ranka ya daɗe, ni da dabbata.”

Ina tsaye da butar shayi a daidai gefen kujerar, don haka na ga abin da sauran ba su gani ba. Hedley ya dubi farin kan nan na ɗan Fenwold a sunkuye gabansa, ya dube shi, ya ƙara dubansa. Sannan a hankali ya matsa baya har bayansa ya taɓa jikin kujerar, ya ɗora hannuwansa biyu a kan hannayenta.

“Ban ji ba,” ya ce. “Ɗaga murya.”

Mutane suka fashe da dariya, suna cewa Hedley ya rama wa kakanninsa. Aubrey ma ya yi dariya ya sake faɗa. Hedley ya ce, “Na gan ka.” Lauya ya rufe jakarsa ya fita. Kamfani ya kai gidajen katakonsa can ƙetaren kogi, filin ya tsira, aka kwana ana waƙa. Ni dai ban yi dariya ba, don na san fuskar Hedley in yana wasa, kuma ba ita ce wannan ba.

Da farko ƙananan abubuwa ne. Ya ce a daina ajiye kujerar a ɗakin sama inda sanyi zai lalata ta, a kai gidansa ya kula da ita. Na je kai masa miya na tarar da shi a kai yana kallon labarai. Ya fara yawo a kan tudun da sanda, safe da yamma. Ya tono wasu dokoki da ko su Fenwold sun manta da su tun zamanin keken doki: ba a yanke reshe, ba a kunna wuta, kare sai da igiya. Ya kori yara masu ƙwallo, wai suna kashe ciyawa. Lissafin kakanni bai daina ba, sai dai ya canja wutsiya. Yanzu yakan ƙare da cewa duk wannan jinin an zubar ne don filin, kuma ba zai bari 'yan iska su tattake shi ba.

“Su wa ke nan 'yan iskan?” Clive ya tambaye shi.

“Jama'a,” Hedley ya ce. “Ba ka san jama'a ba, Clive. Ka ba su abu kyauta, sai su lalata.”

Babu wanda ya ce masa uffan. Mutum ne da ya ceci filin, ga shi tsoho, ga shi matarsa ta rasu, kuma mu mutane ne da za mu gwammace mu yi shekara goma muna gunaguni a kicin da mu yi minti ɗaya muna gaya wa mutum gaskiya a fuskarsa. Aka bincika ko za a iya karɓe sarautar, lauya ya ce sai dai mutuwa. Likita kuma ta ce zuciyar Hedley ta fi ta kowa lafiya a garin, tunda ga shi kullum yana hawan tudu.

Kakar bara na ɗauki kwanona na nufi tudun tsinkar 'ya'yan sarƙaƙiya, kamar yadda ni da Doreen muke yi tun muna 'yan mata. A bakin hanyar, tsakanin katangun dutse biyu inda tun da aka halicci Harbeck babu komai sai taɓo, na tarar da sabon ƙyauren katako da kwaɗo. Kamfanin otal da duk lauyoyinsa bai kai ga kafa shi ba, su Fenwold ma ba su taɓa gwadawa ba. Raina ya ɓaci. Na juya na buga ƙofar Hedley da gindin kwano.

Ya buɗe, makulli na rataye a wuyansa da igiyar takalmi.

“Mene ne wancan, Hedley?”

“Kariya ce. Ba rufewa na yi ba, kowa na iya shiga. Sai dai a tambaya.”

“A tambayi wa?”

Ya gyara tsayuwa.

“Ni ce fa, Beryl. Ni na yi maka wankin riguna lokacin yajin aiki. 'Ya'yan itace zan tsinka, ba zinariya ba.”

“Na sani. Amma in na buɗe miki yau, gobe kowa zai zo.” Ya dubi kwanon, ya dubi sama yana nazari, irin na mutumin da nauyin jama'a ya yi wa yawa. “Ki dawo ranar Talata da safe. Zan ba ki awa ɗaya. Ki tsaya ɓangaren yamma, na gabas ina hutar da shi.”

Ina da maganganu cike da baki. Tun daga ƙyauren nake jera su, masu zafi, waɗanda za su sa ya kasa barci. Na buɗe baki, ga shi tsaye a kan dokin ƙofa ni ina ƙasa, sai na ji abin da ya fito.

“To, na gode,” na ce. “Ka yi haƙuri na dame ka.”

Ya gyaɗa kai ya rufe ƙofa. Ranar Talata kuwa na je, har na riga lokaci, na tsaya a bakin ƙyauren da kwanona ina jira, kuma a bayana akwai mutum huɗu a layi.